Jarka da Leda a Nima

Nima da Maamobi unguwanni ne biyu maƙwabtan juna a Akara, babban birnin Ghana. Irinsu ake kira "zongo" a can, wato zango, kuma da Hausa ake yawancin ciniki a cikinsu. Gidajen galibi na haya ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida guda, iyalai da yawa a kan famfo ɗaya, in ma akwai shi.

Da yake ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, da wuya a ga gidan da babu jarkoki masu launin ruwan ɗorawa. Asalinsu na man girki ne. In mai ya ƙare, sai a wanke su a riƙa ɗebo ruwa da su shekara da shekaru. Mutanen Akara suna ce musu "galan ɗin Kufuor", saboda ƙarancin ruwan da aka sha a zamanin Shugaba John Kufuor, wanda ya yi mulki daga 2001 zuwa 2009. Ruwan da aka saya, aka kuma ɗauko a ka, ba a zubar da shi haka kawai: na ɗaurayar tufafi da shi ake goge ɗaki.

Ledar fiya wata kuwa ba ta da irin wannan amfani na biyu. Rabin lita ce, a shanye a yar. Wasu suna tsince ta su sayar wa masu narka roba, amma da yawa tana faɗawa cikin babbar kwatar da ta raba unguwannin biyu, ruwa ya kwashe ta zuwa kogin Odaw. Toshewar magudanai na cikin dalilan ambaliyar 3 ga Yuni, 2015, ranar da ruwa da gobarar wani gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka kashe mutum fiye da 150.