Saƙon Bulala da Yaran da Ba Sa Natsuwa

Wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Belbeji da Tanut, a kan yaran nan masu rawar kai, waɗanda ke tashi tsaye mushe, wato malami, na cikin darasi, su katse wa manya magana, su manta aiken da aka yi musu tun kafin su kai ƙofar gida. Mai saƙon, da bai faɗi sunansa ba balle inda ya yi karatun likita, ya ce sukari ne sila, bulala ce magani, darussan koya musu zama da mutane kuwa ɓata lokaci ne.

Batun sukari tuni ya faɗi: nazarin da mujallar JAMA ta buga a 1995 bai ga ya sauya halin yara ba.

Zancen bulala shi ne mai ɓarna. Likitoci na kiran matsalar yaran nan TDAH da Faransanci, tana shafar kusan yara 5 cikin 100 a duniya, kuma gado na da babban hannu a ciki. Yaron ya san doka sarai. Riƙe kansa a daidai lokacin ne ke gagararsa. Duka ba ya koyar da wannan. Bincike da dama sun danganta shi da ƙarin faɗa, sai yaron ya kai hannu wajen wasa, abokai su guje shi, a ƙarshe a cire shi daga lakwal a tura shi kiwo. Uwar da ta gaji da karɓar ƙara daga maƙwabta abar tausayi ce in ta gaskata. Wanda ya tura saƙon daga inuwar shagonsa ba shi da wannan uzurin.

A batun darussan, ya ɗan taɓo gaskiya. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2019, mai gwaje-gwaje 25 da yara 2,690, bai samu tabbacin cewa suna gyara mu'amala ba, kuma hujjojin kansu raunana ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a horar da iyaye. A aikace, a ba yaro umarni ɗaya tak ana kallon idonsa, a yaba masa nan take in ya jira layinsa, mushe ya zaunar da shi gaba ya sa shi goge allo.

Yunwa, rashin barci da ciwon kunne ma na hana natsuwa. Likita kan duba ko alamun sun kai wata 6, a gida da lakwal duka, kafin ya ce TDAH ne.