Man Takalmi Daban, Man Sabulu Daban

A Kaduna, daga Kawo zuwa Unguwar Sarki, daga Badarawa zuwa Tudun Wada, da wuya ka ratsa layi biyu ba ka tarar da gidan da ake haɗa sabulu ba. Mata sun koya a ƙungiyoyi da wuraren koyon sana'a, wasu kuma a waya, suna rufa wa kansu asiri da shi. Sai dai wayar nan da take koyarwa ita ce kuma take jefo sunayen mayukan ƙetare, a yi ta kururuta su kamar su kaɗai ne maganin kaushi da gautsin fata. Cikinsu akwai man minki, wanda ake cewa yana gyara sabulun wanka, yana kuma raya takalmi da jaka. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma a nan haɗarin yake, domin mai sauraro zai ɗauka gwangwani ɗaya ne yake yin aikin biyu.

Minki wata 'yar dabba ce mai kama da tunku, ana kiwonta a keji a ƙasashe masu sanyi irin su Folan da Finlan da Sin da Amurka, saboda gashinta da ake ɗinka rigunan sanyi da shi. Idan an feɗe ta, kitsen da yake ƙarƙashin fatar ne ake narkarwa a tace. Man yana shiga fata da sauri, kuma ba ya saurin yin ɗoyi kamar yadda man gyaɗa yake yi idan ya daɗe. Amma kiwon nata ya ja baya ƙwarai. A watan Nuwamba na 2020 gwamnatin Denmak, ƙasar da ta fi kowace kiwon minki a lokacin, ta ba da umarnin a kashe duk waɗanda suke gonakinta, sama da miliyan 15, saboda cutar korona ta ɓulla a cikinsu, Holan ma ta rufe nata gonakin. Abin da ya yi ƙaranci a inda ake yin sa ba zai iso Kaduna tsantsa a farashin man shafawa ba. Akasarin gwangwanayen da aka rubuta wa wannan suna don gyaran takalmi gauraye ne: ɗan kitsen minki, sauran kuwa kakin zuma ko basilin ko silikon da makamantansu.

To me zai faru idan aka juye irin wannan gwangwani a bokitin sabulu? Sabulu ba dafa-duka ba ne. Soda ce take cin mai, su biyun su rikiɗe su zama sabulu, kuma kowane mai yana da adadin sodar da yake iya cinyewa. Kilo ɗaya na man kwakwa yana buƙatar wajen giram 180 na soda, kilo ɗaya na man kaɗanya kuwa wajen giram 130 ya ishe shi. Wadda ta ɗauki awon man kwakwa ta zuba wa man kaɗanya, giram hamsin na soda ya rage yana yawo cikin sabulun bai sami abin ci ba, sai fatar mai wanka. Basilin da silikon kuma soda ba ta cin su ko kaɗan. Ke nan idan rabin gwangwanin basilin ne, aka auna masa soda a matsayin mai tsantsa, rabin sodar nan tana nan da ranta. Sabulun zai daskare, ya yi kumfa, ya yi ƙamshin turaren da aka zuba, ido ba zai ga komai ba. Sai an goga wa jariri, ko amarya ta wanke fuska, sannan raɗaɗi da saɓar fata su bayyana, a ce wai jikinta ne bai karɓa ba.

Za a ce ai kakanninmu sun yi sabulun salo shekara da shekaru ba su san sikeli ba. Haka ne, amma ruwan toka suke tacewa, wanda bai kai sodar buhu ƙarfi ba, kuma a kan wuta suke dafa shi suna juyawa har ya nuna, hannun da ya saba ya san lokacin da ya isa. Wadda take haɗawa a sanyi da farar soda ba ta da wannan kariya. Abin da take da shi sikeli ne da haƙurin barin sabulun ya sha iska mako huɗu zuwa shida kafin a kai shi kasuwa. Wani kuma zai ce Turawa suna saka man minki a sabulu lafiya lau. Suna sakawa, amma tsantsa wanda aka tace don jikin mutum, sun kuma san lissafin sodarsa. Ko a hakan, laushin da yake bayarwa bai fi ƙarfin man kaɗanya ba, wanda kamfanonin man shafawa na Turai suke saye daga Afirka ta Yamma da kuɗi masu nauyi. Akwai ma wata magana da mai sayar wa Musulmi bai kamata ya tsallake ba: minki ba yanka ta ake yi ba, da iskar gas aka fi kashe ta. Hukuncin kitsenta na malamai ne, amma haƙƙin mai saye ne a faɗa masa abin da yake gogawa a jiki.

Ko a takalmin ma, ba kowace fata take son man minki ba. Yana sa fata ta yi duhu, kuma duhun ba ya komawa, don haka jar jaka ko takalmi ruwan ƙasa zai iya sauya kama daga shafa ɗaya. Idan ya yi yawa fatar takan saki, takalmi ya baje, ƙurar hunturu ta manne, shushaina ya goga har ya gaji bai ga ƙyalli ba. Fata mai gashi-gashi lalata ta yake yi, fatar roba kuwa, wadda ta cika kasuwa da sunan fata, ba ta shan mai sam. Takalmin aiki mai kauri da sirdi da ɗamara su ne suka dace da shi. Ƙasar da majemanta suka jeme fatar jar akuyar Sakkwato da bagaruwa har ta ratsa Sahara Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ƙasar da take da cibiyar nazarin fata ta NILEST a Samarun Zariya, ba ta rasa masu sanin yadda ake shayar da kirgi. A tambayi baduku. A goge ƙura, a ɗibi mai kaɗan a tsumma, a gwada a lungun da ido ba ya gani, a ajiye a inuwa ya kwana.

Sodar kanta ta fi kowane mai buƙatar tsoro. Ita ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba mata ruwa, ba a kuma jiƙa ta a tukunyar alminiyam domin cinye ta take yi. A sa safar hannu, a kare ido, a yi aikin a tsakar gida inda iska take. Ruwan soda garau yake kamar na sha, shi ya sa ajiye shi a gorar ruwa ko ta lemo ya jefa yara da dama cikin ƙunar maƙogwaro da take hana haɗiya har tsawon rai. Idan yaro ya sha, kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, domin abin da ya ƙona hanya da shiga zai sake ƙona ta da fita. A garzaya da shi asibiti kamar Barau Dikko, a tafi da gorar. Idan soda ta fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti ashirin, sannan a nufi Asibitin Ido na Ƙasa da yake ta wajen Mando.