Babi na Uku: Bayyanar Melanoma Fiye da Ɗaya a Jikin Majiyyaci a Lokaci Guda

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin sankarar fata da ire-irenta. A wannan babi kuwa, za a duba wani yanayi da likitoci kan ci karo da shi jefi-jefi, wato a sami melanoma biyu ko fiye a jikin mutum ɗaya a lokaci guda, alhali kowace da asalinta daban. Babin zai tsaya ne a kan tambaya guda: shin tabo na biyu sabuwar cuta ce, ko kuwa ta farkon ce ta yaɗu? Amsar wannan tambaya ce ke nuna irin maganin da za a yi wa majiyyaci, da kuma gwargwadon fatan warkewarsa.

3.1 Ma'anar Melanoma Mai Asali Fiye da Ɗaya

Melanoma sankara ce da ke tasowa daga ƙwayoyin halittar da ke samar da launin fata. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na ƙasar Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane kusan 325,000 ne suka kamu da ita, kuma kimanin 57,000 suka rasu. Ta fi yawa a ƙasashen Ostareliya da Niyuzilan, inda fararen fata ke zaune a ƙarƙashin rana mai ƙarfi.

Mafi yawan majiyyata melanoma ɗaya suke samu. Sai dai akwai tsiraru da ke samun ta biyu ko ta uku. Masana sun kasa waɗannan gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda ta biyun ta fito musu daga baya, bayan watanni ko shekaru. Kashi na biyu, wanda shi ne abin nazari a nan, su ne waɗanda aka gano musu duka a zama ɗaya, ko a cikin ɗan gajeren lokaci. Manazarta da dama sun ɗauki wata 3 a matsayin iyaka, wasu kuma sun taƙaita shi ƙasa da haka.

Tun a shekarar 1932 Warren da Gates suka gindaya sharuɗɗa uku kafin a ce mutum yana da sankara mai asali fiye da ɗaya. Na farko, a tabbatar kowane ƙari sankara ne. Na biyu, kowane ya kasance a ware da ɗan'uwansa. Na uku, a kawar da zaton cewa ɗaya daga ɗayan ya yaɗo.

3.2 Yadda Ake Bambanta Sabuwa da Wadda ta Yaɗu

Sharaɗi na ukun nan shi ne mai wuya, domin melanoma takan yaɗu zuwa wani sashe na fata, ta yi kama da sabuwa. Ido kaɗai ba ya raba gardama. Sai an yanko tabon an duba shi da madubin likita. Melanomar da ta tsiro da kanta takan fara ne daga shimfiɗar sama ta fata, kuma wani lokaci akan ga ragowar tawadar Allah da ta tsiro daga cikinta. Wadda ta yaɗo kuwa, yawanci a shimfiɗar ƙasa take zama, ko a cikin kitsen da ke ƙarƙashin fata. Duk da haka, akwai wadda kan yaɗo ta hau har sama, ta rikita mai bincike. A irin wannan hali akan gwada ƙwayoyin gado na kowane ƙari, misali BRAF, wadda aka gano alaƙarta da melanoma a shekarar 2002. Idan sauyin da ke cikin wannan ya bambanta da na wancan, hakan yana ƙarfafa zaton asalinsu daban ne.

Ga misali domin a ga nauyin wannan bambanci. A ɗauka an sami mutum da tabo mai kaurin milimita 2.5 a ƙafarsa, da wani mai milimita 0.6 a kafaɗarsa, kuma babu alamar cutar a kaluluwa ko a cikin jiki. Idan kowane da asalinsa, to na ƙafa yana mataki na 2, na kafaɗa yana mataki na 1, kuma tiyata ce tushen maganinsu. Amma idan na kafaɗar daga ƙafa ya yaɗo, to cutar ta kai mataki na 4 ke nan, wanda shi ne na ƙarshe, kuma sai an koma ga magungunan da ke ratsa jiki duka. Tabo biyu ne a kowane hali, amma hukuncinsu ya sha bamban.

3.3 Dalilan Faruwar Haka

Ana iya kasa dalilan gida uku. Na farko shi ne hasken rana. Ranar da ta ƙona baya ita ce ta ƙona kafaɗa da hannu, saboda haka ba abin mamaki ba ne cutar ta tsiro a wuri fiye da ɗaya. Na biyu shi ne yanayin fata, wato farar fata mai saurin ƙuna, da yawan tawadar Allah, musamman masu girma marasa daidaiton siffa. Haka nan raunin garkuwar jiki, kamar na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, yana ƙara haɗarin.

Na uku shi ne gado. A shekarar 1820 wani likita a Ingila mai suna William Norris ya rubuta labarin majiyyacin da mahaifinsa ma irin cutar ce ta yi ajalinsa. A shekarar 1994 aka danganta melanomar dangi da ƙwayar gado CDKN2A da ke kan kuromosom na 9. Masu sauyi a wannan ƙwaya sun fi wasu samun melanoma fiye da ɗaya, kuma suna cikin haɗarin sankarar fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin. Don haka, idan melanomar mutum ta kai 3, akan ba shi shawarar gwajin gado, a kuma duba iyayensa da 'yan'uwansa da 'ya'yansa.

3.4 Magani da Bibiya

Ma'aunin da aka fi dogara da shi shi ne kaurin ƙari, wanda Alexander Breslow ya gabatar a shekarar 1970. Idan ƙari ya wuce ɗaya, akan auna kowane, amma mafi kauri shi ne ke nuna inda aka dosa. Kowane ana yanke shi tare da lafiyayyar fatar da ke kewaye da shi: santimita 1 idan kaurinsa bai wuce milimita 1 ba, santimita 2 idan ya haura milimita 2. Bugu da ƙari, kowane yana da tasa hanyar kaluluwa. Na kafaɗa zai iya malala zuwa hammata ko wuya, na ƙafa kuma zuwa matsematsi, saboda haka akan binciki kowace hanya daban idan kaurin ya kai a yi hakan. Bayan tiyata ana ci gaba da duba majiyyaci, domin haɗarin fitowar wata ya fi yawa a shekarun farko.

3.5 Dangantakar Batun da Baƙar Fata

Melanoma ba ta da yawa ga baƙar fata, kuma idan ta zo, ta fi fitowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da ba su da alaƙa sosai da rana. Irinta ce ta kama mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a yatsan ƙafa a shekarar 1977, ta yi ajalinsa a 1981. A Nijeriya ma tafin ƙafa ne inda aka fi ganinta, kuma sau da yawa ba a zuwa asibiti sai ta zama gyambo. Darasin da ke nan shi ne, wanda ya kawo ƙafa ɗaya, a duba masa ɗayar ma, har tsakanin yatsu.

3.6 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa samun melanoma biyu a lokaci guda ba shi ne yaɗuwar cuta ba, sai bincike ya tabbatar. Kurakurai biyu ne abin gudu. Ɗaya shi ne a ɗauki sabuwa a matsayin wadda ta yaɗu, a ɗora wa majiyyaci maganin da bai buƙata, a kuma karya masa zuciya. Ɗayan kuwa shi ne likita ya tsaya ga tabon da aka nuna masa, ya bar wani a bayan majiyyaci ko cikin gashin kansa yana ƙara kauri. Maganin na farko shi ne binciken madubi, na biyu kuma duba fata tun daga kai har tafin ƙafa a ranar da aka gano ta farko. A babi na gaba za a duba hanyoyin rigakafi.