Ƙarfen Gyaran Haƙori: Mene Ne Shi, Kuma Yaya Ake Rayuwa da Shi?

A zangon nan wata ɗaliba ta dawo hutu da ƙarfe a bakinta. Wasu suka ce haƙorin Makka ne, wasu suka ce gayu ne, wasu kuma suka sa mata suna. Har ta kai idan za ta yi dariya sai ta rufe baki da hijabi. Wannan ne ya sa shafin lafiya na wannan mako ya ɗauki batun, domin rashin sani ne ke kawo tsokana.

Me ya sa ake sa shi?

Yaro yana da haƙoran nono 20. Idan ya yi famfara, na dindindin suke maye gurbinsu, har su kai 32 a bakin babba. Wani lokaci muƙamuƙi kan yi wa haƙoran kaɗan, sai su hau kan juna. Wani kuma na sama ne suke fitowa zaƙo-zaƙo, ko na ƙasa su wuce na sama. Galibi gado ne. Amma tsotsar yatsa bayan an girma, da faɗuwar haƙoran nono tun lokacinsu bai yi ba saboda ruɓewa, su ma suna jawo hakan.

Matsalar ba ta tsaya ga kyau ba. Haƙoran da suka cushe suna da wuyar wankewa, don haka suna saurin ruɓewa, dasashi kuma ya riƙa jini. Waɗanda suka yi waje sosai sun fi saurin karyewa idan an faɗi a filin wasa. Wani ma tauna ce ke ba shi wahala. Wushirya kuwa ba ciwo ba ce. Mu a wurinmu ado ce, kuma babu dalilin rufe ta idan mai ita yana sonta, likita bai ga wata illa ba.

Wannan ilimi ya daɗe. Tun a 1728 wani likita Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya bayyana yadda ake ɗaure haƙora a jikin lanƙwasasshen ƙarfe don su daidaita. A 1899 kuma Edward Angle na Amurka ya kasa rashin daidaiton haƙora gida uku, kuma har yau likitoci suna aiki da rabon nasa.

Yaya ƙarfe yake motsa haƙori?

Haƙori ba kafe yake a ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Wasu siraran zaruruwa ne suke riƙe da saiwarsa a cikin ramin ƙashi. Likita yana manna ɗan ƙaramin ƙarfe a fuskar kowane haƙori, sai ya ratsa siririyar waya ta cikinsu, ya ɗaure da ƙananan robobi. Wayar tana ƙoƙarin komawa siffarta ta asali, sai ta riƙa tura haƙoran a hankali dare da rana. A ɓangaren da ake dannawa, jiki yana narkar da ƙashi kaɗan-kaɗan don ya ba da hanya. A ɓangaren da haƙorin ya baro, jiki yana gina sabon ƙashi ya cike gurbin.

Shi ya sa aikin ba ya son gaggawa. Haƙori ba ya wuce tafiyar kusan milimita 1 a wata, wato kaurin ƙwayar gero bai ma kai ba. Yawanci ana ɗaukar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci uku, ana komawa asibiti duk bayan mako 4 zuwa 8 a gyara wayar. An fi sawa tsakanin shekara 11 zuwa 14, lokacin da haƙoran dindindin suka fito amma muƙamuƙi bai gama girma ba. Da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk da haka manya ma suna sawa, kuma yana yi musu aiki.

Makon farko

Manna ƙarfen ba ya zafi. Bayan wasu awoyi ne haƙoran suke fara tsami, su yi kwana uku zuwa biyar a haka, kuma hakan kan ɗan dawo duk ranar da aka ƙara ɗaure wayar. Ƙarfen yana gogar cikin kumatu da leɓe. Likita kan ba da wani kaki mai laushi da ake liƙawa a wurin da ke gogar, kuma kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri yana taimakawa. A kwanakin nan abinci mai laushi ne abokin tafiya: koko, kunu, fura da nono, alala, fate, ayaba, gwanda da dafaffen ƙwai.

Abin da za a haƙura da shi

Nan ne jarrabawar take, musamman lokacin tara idan masu talla suka jeru a bakin ƙofa. Rake, aya, goriba, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, kilishi, ƙanƙara da tauna ƙashi duk suna ɓalle ƙarfen ko su lanƙwasa wayar. Cingam, alewa mai danƙo da iloka suna maƙalewa. Cizon murfin biro da buɗe kwalba da haƙori ma a daina. Karas da nama sai a yanka ƙanana a tauna da turame. Duk ƙarfen da ya ɓalle, haƙorin da ke wurin ya daina tafiya ke nan har sai an mayar, wato an ƙara wa kai watanni, an ƙara wa iyaye kashe kuɗi.

Tsafta

Abinci yana ɓuya a kewayen ƙarfen. Idan aka bar shi, ƙwayoyin cuta suna mayar da sukari ya zama sinadari mai cin fuskar haƙori. Ranar da aka cire ƙarfen sai a ga fararen tabo sun zagaye inda yake, kuma ba su cika gogewa ba. Don haka a goge baki da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da dare, aƙalla minti biyu, sama da ƙasan wayar. Akwai ɗan siririn buroshi da ke shiga ƙarƙashinta. Bayan kowane cin abinci a kurkure baki sosai. Mai amfani da asawaki ya bi a hankali, kada ya finciko wayar. Mai buga ƙwallo kuma ya tambayi likita robar kare baki.

Bayan an cire

Haƙora suna son komawa inda suka fito. Saboda haka likita yana ba da mariƙi, na roba ko na waya, wanda ake sawa musamman da dare. Wanda ya jefa nasa a akwati ya manta, zai iya wayar gari ya ga wahalar shekara biyu ta tafi a banza.

Hattara da na bogi

Yanzu ana tallar ƙarfen ado a intanet da wasu shagunan kwalliya, a manna wa mutum ba tare da hoton ƙashi ko gwaji ba. Ko na ado ne, idan yana danna haƙori zai motsa shi, kuma ba wanda ya san inda zai kai shi. Haka nan ɗaura robar kitso a haƙora don rufe giɓi: robar kan zame ta shige ƙarƙashin dasashi, ta ci abin da ke riƙe da saiwa har haƙorin ya faɗi. Haƙorin dindindin kuwa ba ya sake fitowa. Wanda yake ganin yana da matsala ya gaya wa iyayensa su kai shi sashen haƙori na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Roƙonmu

Malamanmu, muna roƙon a yi wa mai ƙarfe uzuri ranar ganin likita, a kuma ba shi dama ya wanke baki bayan tara. 'Yan uwa ɗalibai, ƙarfen nan magani ne kamar tabarau, kuma iyaye sun sha wahala kafin su biya kuɗinsa. Idan abokinka ya zo da shi, maimakon ka sa masa suna, ka daina miƙa masa rake. Allah ya ƙara mana lafiya.