Sayen sono ga ƙaramin orkes: a nan ji ya kori gani

Duk wanda ya saba halartar bukukuwan aure a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san wannan lamari. An kafa rumfa a kan titi, an jera kujeru, ƴan orkes sun kama kiɗa. Mawaƙi ya ɗauki mikiro zai yi wa uwar amarya kirari, sai lasifika ta ƙwala wata ƙara mai huda kunne. Aka rage, aka ƙara, muryarsa ta nutse a ƙarƙashin ganguna. Kafin ƙarfe 11 na dare ampili ya yi zafi ya ɗauke. Mai buki ya riga ya biya kuɗinsa, kuma washegari sunan orkes ɗin ne zai zagaya unguwa, ba wanda zai ambaci sunan na'urar da ta gaza.

Ƙaramin orkes bai cika wuce mutum 5 zuwa 8 ba. A cikinsu akwai malamin lakwal, akwai ƙaramin ma'aikacin gomnati, akwai tela ko ɗan tireda. Kuɗin sayen kayan sauti, waɗanda kowa ke kira sono, daga adashi suke fitowa, ko daga albashin da aka matse, ko daga aljihun wani ɗan kasuwa mai son kiɗa. Sau ɗaya ake irin wannan saye cikin shekaru masu yawa. Haya kuwa tana cin rabonta a kowane dare, kuma mai haya ba ya bayar da kayansa a riƙa yin repetisiyon da su: kayan aro ba ya rufe katara.

Tun lokacin da aka kafa gasar Ɗan Gurmu a 1987 da cibiyar koyon kiɗa ta CFPM a Yamai a 1989, ƙungiyoyin kiɗan zamani suka yawaita a Nijar, amma kayan aikinsu duk daga waje suke zuwa. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka farashin kayan Turai cikin dare ɗaya. Daga baya kayan ƙasar Sin da na Dubai suka cika kasuwa, farashi ya sauka, jabu kuma ya yawaita. Mai saye a yau yana da zaɓi fiye da na da, haka nan yana da hanyoyin yin asara fiye da na da.

Murya ce a kan gaba

Kafin a taka kasuwa, ya kamata ƴan orkes su zauna su ƙidaya abin da zai shiga cikin sono. Ganga, kalangu da gangunan Turawa suna da amonsu, a tsakar gida ba su buƙatar taimako. Gitar da bas kowanne yana da nasa ampili. Abin da ke neman agaji shi ne muryar mawaƙi da ta ƴan amshi, sai piyano, sai kayan kiɗa masu sanyin amo kamar gurmi, molo da ƙwarya. In aka lissafa mikiro 3 na muryoyi, ƙofa 2 ta piyano, mikiro 2 na kayan gargajiya, an sami 7. Saboda haka teburin haɗa sauti, wato miksaj, mai ƙofa 8 zuwa 12 ya wadatar. Mai ƙofa 24 kuɗi ne aka binne a cikin maɓallan da ba za a taɓa murzawa ba.

Wajen manyan lasifikoki, waɗanda ƴan sana'a ke kira bafal, hanya biyu ce. Ta farko ita ce tsohuwar hanya: bafal daban, ampili daban. Tana da nauyi, amma makanikan radiyo na garuruwa sun san cikinta, kuma in ɓangare ɗaya ya lalace ana iya aro a maye gurbinsa. Ta biyu ita ce bafal mai ampili a cikinsa. Ya fi sauƙin ɗauka da haɗawa, kuma kamfani ya riga ya daidaita ƙarfin ampilin da na lasifikar, sai dai gyaransa ya fi wuya in kayan cikinsa suka ƙone. Akwai kuma ƙananan haɗaɗɗun kaya irin Stagepas na Yamaha, masu lasifika ta inci 8 ko 10 da ɗan miksaj a jikinsu. Sun dace da ɗakin repetisiyon da ƙaramin zauren otel, amma ba su iya fuskantar ganguna a buɗaɗɗen fili. Ga orkes mai wasa a waje, bafal 2 masu inci 12 ko 15, wato santimita 30 ko 38, su ne ginshiƙi. Mai inci 12 ya fi fitar da murya tas, mai inci 15 ya fi ɗaukar nauyin bas. Manyan akwatunan bas na ƙasa suna iya jira har asusu ya farfaɗo.

Lissafin wat

Babban tarkon kasuwa shi ne lambar da aka buga a jikin kwali. Ana ganin akwatin da yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya an rubuta masa wat 5.000. In aka duba da kyau za a ga haruffan PMPO a gefe, ma'aunin da ba shi da ƙa'ida, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Lambar da ake dogara da ita ita ce ta RMS, wadda ke nuna ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa na dogon lokaci. Akwai kuma shaida a bayan akwatin: na'urar da takardar jikinta ta nuna wat 100 take ja daga kuran ba za ta yi ta fitar da wat 5.000 ba.

Ko wat na gaskiya ma ba ya yin abin da ake zato. Da desibel ake auna amo, kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat sau 10. Shi ya sa ingancin lasifikar kanta ya fi muhimmanci. Bafal mai ba da desibel 98 da wat 1 a tazarar mita 1, in aka ba shi wat 100 zai kai desibel 118. Wanda ke ba da desibel 92 sai ya sha wat 400 kafin ya kamo shi. A fili kuma, duk lokacin da tazara ta ninka, desibel 6 ke zubewa: desibel 118 na gaban bafal sun koma 94 ga mai zaune a mita 16.

Masu ampili daban su kula da om. Bafal 2 masu om 8 a kan layi ɗaya sun zama om 4. Guda 4 sun zama om 2, nauyin da yawancin ampili masu araha ba su iya ɗauka. Ƙaramin ampilin da aka matsa wa har jar fitilarsa ta tsaya a kunne yana lalata sauti, kuma shi ne ke ƙona ƙaramin bakin sama na bafal.

Kuran, zafi da ƙura

Littafin da ke zuwa cikin kwali an rubuta shi ne domin ƙasashen da wutarsu ba ta rawa. A Nijar ƙa'idar kuran bolt 220 ce, amma takan sauka a lokacin zafi, takan kuma dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa. Wani babban kaso na wutar NIGELEC daga Najeriya yake shigowa, ta layin Birnin Kabi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram. Daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta yanke wutar, duk mai sana'ar da ta rataya ga kuran ya ɗanɗana kuɗarsa. Saboda haka na'urar daidaita kuran tana cikin kuɗin sono tun daga farko. Wasu sababbin bafal suna aiki daga bolt 100 zuwa 240, kuma wannan rubutu a bayan akwati ya fi lambar wat daraja.

In da gurup za a yi aiki, a nemi mai daidaita wutarsa da kansa, wanda ƙarfinsa ya kai ninki biyu na abin da kayan ke ja, kuma kar a haɗa shi da firij ko injin walda. Ampili ne ake kunnawa a ƙarshe, shi ne kuma ake fara kashewa. Wayar ƙasa, ƙafa ta uku ta filogi, ba a cire ta. A 1972, a garin Suwansi na Birtaniya, makaɗin gitar Les Harvey ya rasu a kan dandali bayan ya taɓa mikiron da ba a haɗa shi da ƙasa ba. Duk mawaƙin da ya ji mikiro yana cizon leɓensa, to gargaɗi ne.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar ampili da maɓallan miksaj. Inuwa, sarari a bayan ampili, jakar rufewa da hure ƙura a kai a kai suna ƙara wa kaya shekaru.

Mikiro da wayoyi

Mikiro mai jure wahala shi ne wanda ba ya buƙatar batir, irin SM58 na kamfanin Shure da ake ƙerawa tun 1966. Farashinsa a Turai yana kewayen yuro 100. Tun da yuro 1 sefa 655,957 ne, ya kai jika 65 kafin kuɗin jigila da na duwan. Sabon da aka sallama a jika 10 ya riga ya faɗi asalinsa. Gara mikiro na gaskiya na ƙaramin kamfani da jabun babban suna. Wayoyi kuwa a sayi masu kai uku, XLR, domin ba su kwasar gunji ko da sun yi tsawo, a kuma ajiye biyu na ko-ta-kwana. Sau da yawa waya guda ce ke tsayar da buki.

Ƙarar nan mai huda kunne, wadda ake kira larsen, tana faruwa ne idan mikiro ya ji sautin bafal ya sake mayar masa da shi. Maganinta ba ya cin ko dala: a sa bafal a gaban layin mawaƙa, a ɗora su kan sanduna sama da kawunan jama'a, mawaƙi ya kusanto da mikiro bakinsa, kuma ya daina dunƙule kansa da tafin hannu. Ƙaramin bafal guda a ƙasa mai fuskantar mawaƙa, wato retur, yana sa su ji kansu. Shi ɗin ne kuma zai wadatar a ɗakin repetisiyon, ba sai an kwaso manyan ba. Bisa ma'aunin masana lafiyar ma'aikata, kunne yana jure desibel 85 na awa 8, amma desibel 94 na awa 1 kawai, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

A bakin shago

Kayan suna shigowa ta Ɗan Isa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano da ta Alaba a Legas, ko ta jiragen ruwa. Rufe iyakar Benin a 2023 ya karkatar da kayan Kwatano zuwa Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo da tsada. Ko a Babbar Kasuwar Yamai ne ko a Kano, ƙa'ida ɗaya ce: zuwa da kai ya fi aike. A tafi da mawaƙi da mikironsa, ya yi waƙa da muryarsa, domin kiɗan da mai shago ke sakawa an riga an gyara shi a situdiyo. A bar kayan suna aiki da ƙarfi na rabin awa, a taɓa a ji zafinsu, a koma nesa a saurara ko kalmomi suna fita.

Tsofaffin kayan Peavey, Yamaha ko JBL da aka yi amfani da su sukan fi sabon da ba a san mai shi ba, muddin an buɗe an tabbata ba a musanya lasifikar ciki da wata ba. Kafin a biya, yana da kyau a tambayi makanikin garin ko yana samun kayan gyaran wannan samfuri. A karɓi takardar saye mai ɗauke da lambar kowace na'ura, tare da takardar duwan in daga ƙetare aka sayo.

Saura takarda ta ƙarshe, wadda aka fi mantawa da ita. Ƙungiyoyi da yawa sun watse a kan tambayar wa ke da kayan. In ɗan kasuwa ne ya saya, a rubuta ko kyauta ce, ko bashi, ko jari, da yadda za a biya. In karo-karo ne, a rubuta abin da kowa ya zuba da abin da zai ɗauka ranar da ya fita. A kuma ware wa sono rabonsa a kowane buki kamar ɗaya daga cikin makaɗa, domin gyara da sayen waya. Orkes ɗin da ya mallaki miksaj mai ƙofa 8, bafal 2 na gaskiya, retur 1, mikiro 4 da na'urar daidaita kuran, yana kuma da wannan takarda a aljihu, ya isa ya karɓi kuɗin mai buki da kwanciyar hankali.