Tafasa: Ganyen Da Ba Mai Shukawa, Ga Shi Ana Neman 'Ya'yansa Har Ƙasar Sin

Duk wanda ya ratsa lungunan Madabo da hantsi a cikin watan Yuli, ba zai rasa cin karo da yarinya ɗauke da kwano a ka tana tallar kwaɗon tafasa ba. Abin da ke cikin kwanon nan ba wani baƙon abu ba ne: dafaffen ganye ne da aka matse, aka cakuɗa shi da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da yaji da gishiri, in da hali a ɗiga man gyaɗa. Da shi magidanta da almajirai da 'yan makaranta da yawa kan riƙe ciki kafin abincin rana ya sauka. Abin lura shi ne, zogale da alayyafo da rama duk akwai masu noma su, amma tafasa ba wanda ya taɓa yi mata kunya ko ya zuba mata taki. Ruwan farko na sauka za ta fito da kanta a bakin hanya da kangaye da gefen gonaki, mai so ya je ya tsinka.

Madabo unguwa ce ta malamai, tsakanin Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi, an kuwa san ta tun zamanin Wangarawa da karatun fiƙihu, ba da noma ba. Amma a da can mutumin Madabo ba ya bukatar fita ƙofar gari kafin ya sami ganye, domin ganuwar Kano ta kewaye gonaki da filaye masu yawa. Baturen nan ɗan yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa babban yanki na cikin ganuwa fili ne da ake nomawa. Yau gine-gine sun cinye waɗannan filaye. Tafasar da ake kwaɗawa a cikin birni yanzu galibi daga ƙauyukan kewaye ake kawo ta a buhuna, wadda kuwa ta rage a cikin gari sai a kan juji da bakin kwata da gefen kududdufi.

Wannan canji ya jawo wata matsala da ba a cika kula da ita ba. Yaron da ya tashi a ƙauye yana bin uwarsa tsinkar ganye ba ya bukatar kowa ya koya masa tafasa, amma ɗan birni na yau ya fi saninta a dafe. To, tafasa kuwa tana da 'yar'uwa da suke kama, watau rai-ɗore, wanda waɗansu ke kira sanga-sanga. Sukan fito wuri guda, lokaci guda, furensu duka rawaya ne, kuma danginsu ɗaya a wurin masana tsirrai. Tafasa ita ce suke kira Senna obtusifolia, rai-ɗore kuwa Senna occidentalis.

Ga yadda mai karatu zai bambanta su. Idan ka ɗauki reshen ganyen tafasa za ka ga ƙananan ganye shida, biyu-biyu suna fuskantar juna sau uku, kowane ɗaya ya fi faɗi ta wajen ƙarshensa, bakinsa a zagaye kamar ganyen gyaɗa, na can ƙarshe kuma sun fi na gindi girma. Na rai-ɗore sun fi yawa, sau da yawa takwas ko goma, kuma kowane ɗaya yana da tsini kamar kan mashi. Karan rai-ɗore yakan yi ja-ja, in ka murza ganyensa kuma zai buge ka da wari mai ƙarfi. Idan sun yi 'ya'ya abin ya fi sauƙi. Kwanson tafasa siriri ne dogo, ya lanƙwashe ƙasa kamar lauje, tsawonsa yakan kai taƙi guda, ƙwayoyin cikinsa kuma ruwan ƙasa ne masu sheƙi da kusurwoyi. Na rai-ɗore ya fi faɗi, a shafe yake, yana kuma kallon sama. Da almuru tafasa takan haɗe ganyenta biyu-biyu kamar mai barci, sai gari ya waye ta buɗe.

Dalilin da ya sa wannan bambanci ya zama wajibi a sani shi ne 'ya'yan rai-ɗore guba ne. Masu maganin gargajiya suna amfani da ganyensa, musamman wajen zazzaɓi, amma ƙwayoyinsa suna lalata hanta da tsoka. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta ƙasar Indiya an yi shekaru ana rasa ƙananan yara a kowace kaka saboda wata cuta da aka ɗauka annobar ƙwaƙwalwa ce, sai a 2007 likitocin ƙasar suka wallafa binciken da ya nuna cewa yaran suna cin ɗanyun 'ya'yan wannan tsiro ne a wurin wasa. Su ma 'ya'yan tafasar ba a cin su ɗanye, kuma idan suka yi yawa cikin abincin kaji ko na shanu sukan yi musu illa. Ganyen ma iyayenmu mata ba su taɓa cinsa ɗanye ba: toho mai laushi suke tsinka, su tafasa shi, su zubar da ruwan, sa'an nan su matse. Wannan tafasawa ita ke rage ɗaci da kuma sinadarin da ke sa gudawa.

Ba jiya masana suka fara rubuta labarin wannan ganye ba. Dokta J. M. Dalziel, wani likitan Gwamnati da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sa'an nan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. A zamaninsa Cassia tora ake kiran tafasa, kuma har yanzu da wannan suna 'yan kasuwa suka san ta, ko da yake a 1982 masana biyu na Amurka, Irwin da Barneby, sun sake tsara dangin suka mayar da ita cikin jinsin Senna. Masana da yawa na ganin asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, ta bazu duniya tun da daɗewa.

Darajar tafasa ta fi fitowa a lokacin da ta fi yawa, watau tsakanin shuka da girbi, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, farashin hatsi kuma ya hau. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa raina ta, haka nan mutanen Maraɗi da Damagaram da suka sha yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, inda gidaje da yawa suka dogara da ganyayen daji. Wannan tarihi shi ne ya ɗora mata sunan abincin talaka, har ma'aikaci mai albashi yakan ji nauyin a gan shi da kwanon kwaɗonta a ofis, alhali kuwa ba ya jin kunyar sayen latas da kabeji da aka yi wa ban ruwa da ruwan Jakara. A yammacin Sudan, a Darfur da Kordofan, ba a yi mata wannan kallo. Can sukan daka ɗanyen ganyen, su cusa shi cikin tulu, su binne a ƙasa wajen mako biyu har ya ruɓa yadda ake so, sa'an nan su dunƙule shi su shanya. Suna kiransa kawal, kuma shi ke maye gurbin nama a miyar wanda ba shi da halin saye, kusan yadda daddawa take a wurinmu. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartum ya yi bayaninsa a littafinsa na 1993 a kan abincin gargajiya na Sudan.

Sai dai abin da ya sa maganar noman tafasa ta taso yanzu ba ganyen ba ne, 'ya'yan ne. Wanda ya shiga Kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina bayan kaka zai tarar da buhunan 'ya'yan tafasa a jibge tare da riɗi da zoɓo, ana aunawa ana lodi zuwa tashar jiragen ruwa, daga can sai ƙasashen Asiya, musamman Sin da Indiya. A Sin ana soya ƙwayoyin a yi wani irin shayi da su, likitancinsu na gargajiya kuma ya daɗe yana amfani da su. A Indiya masana'antu ne ke fasa ƙwayar su cire wani gari mai danƙo da ake kauraɗa abinci da shi, irin su cuku da abincin gwangwani na karnuka da kyanwoyi. Tarayyar Turai ta amince da sa wannan gari cikin abincin mutane a 2010, ƙarƙashin lamba E427. Duk wannan kaya kuwa mata da yara ne ke tattara shi a daji da bakin hanya, su sussuka su sheƙe, su sayar wa dillalai da rahusa. Ribar tana can wajen wanda ya mallaki injin sarrafawa.

To, ko ya dace manomi ya ware mata fili? Akwai abubuwan da ke goyon bayan haka. Tana jure ƙasa mara ƙarfi da ƙarancin ruwa, awaki da shanu ba su cika taɓa ta ba tana ɗanya, saboda haka ba ta bukatar shinge, ganyenta kuma yana shanyuwa a ajiye har rani. Bugu da ƙari, yawan fesa maganin ciyawa a gonaki ya sa wadda ke fitowa da kanta tana raguwa, wadda ta tsira ma mai tsinka ba ta da tabbacin ba a fesa mata ba. Ganyen da aka noma a fili sananne ya fi wanda aka tsinko a kan juji kwanciyar hankali. An kuma ga irin wannan a wani wuri: gasaya, wadda mu har yanzu muke tsinkowa a bayan gida, a Kenya ana sayar da irinta a fakiti, ana noma ta, ana kai ta manyan kantunan Nairobi. Zogale ma a nan gida da a shinge kawai muka san shi.

Amma a ganin wannan wakili, wanda zai ce a yi gaggawa bai duba ɗaya gefen ba. Ɓawon ƙwayar tafasa yana da tauri ƙwarai, ba ta tsira gaba ɗaya sai an kankare ta ko an jiƙa, wadda ta zube a ƙasa kuma tana iya shekaru tana jiran ruwa. Manomin da ya shuka ta bana zai yi ta fama da ita cikin gyaɗarsa da wakensa baɗi da baɗin baɗaɗa. A kudancin Amurka tana cikin ciyayin da suka fi addabar masu noman waken soya da auduga, a arewacin Ostareliya kuma hukuma ta sa ta cikin tsirran da ake yaƙa saboda yadda take mamaye makiyaya. Ko da yake danginsu ɗaya da wake, ba ta ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake da gyaɗa ke yi. Sa'an nan mai son ganye da mai son 'ya'ya ba bukatarsu ɗaya ba: wancan yana son a yi ta tsinke toho, wannan yana son a bar ta ta yi fure ta nuna.

Waɗannan tambayoyi ne da gwaji kaɗai zai amsa, muna kuwa da wuraren yinsa: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da reshen Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Bagauda, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a shekararsa ta ƙarshe zai iya farawa da tara iri daga Kano da Katsina da Maraɗi, ya shuka su jere, ya auna wanne ya fi ganye, wanne ya fi rashin ɗaci, wanne kuma kwansonsa ba ya saurin fashewa. Masu kwaɗon Madabo sun riga sun san wace tafasa ce ke daɗi da wadda ke ɓata ciki, kuma daga wane ƙauye kowace ke zuwa, sai dai a je da takarda a tambaye su.