Ƙungiyoyin masu duba asara na asirans: sadaka na da kyau, amma a fara da biyan haƙƙi

Duk mai tuƙa mota ko babur a ƙasar nan ya san takardar asirans, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira inshora. Tana nan naɗe cikin leda tare da parmi da kart-giriz, ba a fiddo ta sai an iso bariyar jandarma ko ɗan sanda ya busa usur. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar ta tamkar wani haraji da ake biya don a samu wucewa lafiya. Amma ranar da tsautsayi ya faɗa, mota ta kife tsakanin Konni da Madawa, ko gobara ta lashe shago a kasuwa, ranar ce ake sanin ko takardar tana da amfani. Kuma a ranar, ba wanda ya sayar maka da ita za ka tarar ba. Wani mutum ne daban, wanda aikinsa shi ne ya duba asarar, ya ƙiyasta ta, ya faɗi abin da za a biya.

Waɗannan ma'aikata, a ƙasashe da dama, suna da ƙungiyoyinsu na sana'a, birni-birni ko yanki-yanki. Suna taruwa don ƙaro ilimi, suna kuma tara kuɗi don taimakon mabuƙata. Mun ga ya dace mu duba yadda suke yi, da kuma abin da ya shafe mu ciki, mu da muke biyan asirans kowace shekara.

Su wane ne masu duba asara?

Idan aka kai kuka kamfanin asirans, aƙalla mutum uku ne ke taɓa maganar. Na farko shi ne ma'aikacin biro mai riƙe da dosiye, wanda ke karɓar takardu, ya duba ko yarjejeniyar ta shafi abin da ya faru. Na biyu shi ne gwanin ƙiyasi, wanda aka fi sani da eksper, mai zuwa garaji ko wurin gobara ya auna ɓarnar da idonsa, ya rubuta rahoto. Na uku shi ne likita, idan mutum ne ya ji rauni, don shi ke faɗin kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin jikin mutum ya tafi. Abin da mutanen nan uku suka rubuta shi ke zama kuɗin da za a ba mai mota, ko marayun da aka bari.

Sana'ar ta samo asali daga Ingila. Bayan babbar gobarar birnin Landan ta shekarar 1666, wadda ta cinye gidaje fiye da 13.000, aka fara kafa kamfanonin asirans na gobara, su kuma suka buƙaci magina da masu sanin farashin kaya da za su riƙa faɗa musu gaskiyar abin da ya ƙone. A 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu, masu wannan aiki a Ingila suka haɗu cikin ƙungiya guda, wadda a 1961 ta samu takardar amincewar masarauta. A Amurka kuwa, masu duba asara masu zaman kansu sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1937, aka kuma raba ta yanki-yanki. Ban da ita akwai ƙanana masu yawa na birane da jihohi, irin Southern Loss Association ta birnin Atlanta, a kudancin ƙasar.

Abin da suke yi idan sun taru

Aikin farko shi ne karatu. Mambobi kan haɗu lokaci-lokaci wajen cin abincin rana, a gayyato lauya ya bayyana sabuwar doka, ko injiniya ya nuna yadda ake gane inda wuta ta fara, ko makaniki ya yi bayani kan sababbin motoci. Na biyu shi ne yaƙi da zamba, domin ko'ina a duniya akwai mai ƙara kuɗi a takardar gyara, akwai mai sayen asirans bayan hatsari ya riga ya auku. Na uku shi ne tsare mutuncin sana'ar, a ja kunnen wanda ke karɓar na goro don ya kumbura ƙiyasi, ko wanda ke danne haƙƙin talaka don ya faranta wa kamfani.

Sai kuma aikin taimako, wanda shi ne jama'ar gari suka fi gani. A Amurka da Kanada akwai wata tsohuwar ƙungiyar zumunta ta ma'aikatan asirans mai suna Blue Goose, wato shuɗiyar dinya, da aka kafa a 1906 a jihar Wiskonsin. Rassanta ma tafkuna ake kiransu, kuma kowane tafki yana da irin taimakon da yake yi a yankinsa. A 1994 masu asirans na Amurka suka kafa gidauniyar IICF, mai tara kuɗi daga kamfanoni da ma'aikata tana raba wa ƙungiyoyin agaji. A Ingila, asusun da kasuwar asirans ta Lloyd's ta buɗe a 1803 don sojoji da iyalansu yana nan har yau, haka ma wani asusun na 1902 mai tallafa wa ma'aikatan asirans da rayuwa ta juya musu baya.

Hanyoyin tara kuɗin ba wasu ɓoyayyu ba ne. Ana shirya gasar wasan golf, kowane rukuni ya biya kuɗin shiga. Ana yin liyafar dare a sayar da tebur-tebur. Ana yin tombola, ana gwanjon kayan da aka ba da kyauta. Abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya sai a kai wa rumbun abinci na matalauta, ko asibitin yara, ko a biya wa ɗalibai kuɗin karatu.

To amma akwai wani wuri da ya kamata a sa ido. Su wa ke sayen teburan nan, su wa ke ɗaukar nauyin wasan? Galibi masu garaji ne, da ƴan kwangilar gyaran gidaje, da ofisoshin lauyoyi, wato mutanen da ke jiran mai duba asara ya turo musu aiki gobe. Idan ba a tsare ba, sadaka sai ta koma toshiyar baki. Shi ya sa ƙungiyar da ta san ciwon kanta take raba asusun taimako da na ƙungiya, ta kuma karanta wa mambobi abin da ya shigo da inda ya tafi.

Mu nan gida fa?

Nijar tana cikin ƙasashe 14 na Afirka da suka haɗa dokar asirans guda. An sa hannu kan yarjejeniyar CIMA ranar 10 ga Yulin 1992 a Yawunde, kundin dokokinta ya fara aiki a Fabrairun 1995, cibiyarta kuma tana Libarbil ta ƙasar Gabon. Kamfanonin yankin suna da tarayyarsu, FANAF, da aka kafa a 1976 a Yamusukuro, mai mazauni a Dakar. Akwai makarantar horar da ma'aikatan asirans ta IIA a Yawunde, inda ƴan Nijar ma suke zuwa karatu. A Yamai kuma kamfanonin ƙasa suna da kwamitinsu na masu asirans.

Batun taimako kuwa ba baƙonmu ba ne. Mun gaji gayya a gona, mun gaji gudummawar biki da ta rasuwa, mata suna da adashi, ƴan kasuwa da direbobin tasha suna da asusunsu. Muna kuma ganin manyan kamfanoni a talabijin suna kai buhunan shinkafa da sukari cikin azumi, ko tabarmi da barguna bayan ambaliya. Allah ya saka da alheri. Wanda ruwan damanar 2024 ya rushe wa gida a Maraɗi, ko a Damagaram inda har tsohon masallacin birni ya faɗi, ba zai raina buhun hatsi ba.

Sai dai mu da muke zaune gaban makirfo muna amsa wayar masu saurare, kukan da muka fi ji game da asirans ba na rashin shinkafa ba ne. Kukan jira ne. A ce wa mutum ya dawo mako mai zuwa, a ce takarda kaza ba ta cika ba, a ce konsta bai iso ba, har ya gaji ya ce ya bar wa Allah. Wanda ake bin sa bashi, ba a yaba masa kyauta sai ya biya.

Abin da doka ta ce

Ga kaɗan daga cikin abin da ke rubuce a kundin CIMA, wanda ya kamata kowa ya riƙe. Aya ta 200 ta wajabta asirans a kan duk abin hawa mai inji, har da babur, don biyan wanda aka yi wa ɓarna. Aya ta 13, tun gyaran da aka yi mata a 2011, ta ce asirans ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, babu bashi ke nan. Aya ta 12 ta ba mai asirans aƙalla kwanakin aiki 5 ya sanar da kamfani abin da ya same shi, idan kuma sata ce, awa 48.

Idan hatsarin ya taɓa lafiyar mutum, jandarma ko ƴan sandan da suka yi konsta su ke da alhakin aika wa kamfani rahotonsu cikin wata 3. Kamfani kuma ba ya jiran a roƙe shi: aya ta 231 ta ɗora masa ya gabatar da tayin diyya da kansa, cikin wa'adin da kundin ya tsaida. In ya wuce wa'adi akwai tara a kansa. Wanda ya sa hannu kan tayi, sannan ya ga an cuce shi, yana da kwana 15 ya warware ta hanyar wasiƙa. Fasinja ko mai tafiya ƙasa da aka buge ba a hana shi diyyar rauninsa don an ce laifinsa ne, sai in da gangan ya nemi abin. Amma a kula, bayan shekara 5 da hatsarin, ƙofar ƙara tana rufewa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, yawancin lissafin diyyar an ɗaure shi ne da albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa, wato SMIG, musamman ga wanda ba shi da takardar albashi, kamar manomi ko mai tireda. A 2012 an tsaida shi a sefa 30.047, jika talatin da ƴan kai ke nan. Saboda haka duk lokacin da ake maganar ƙarin SMIG, ba ma'aikata kaɗai abin ya shafa ba, har da marayun hatsarin mota.

Inda taimakonsu zai fi amfani

Idan ma'aikatan da ke duba asara a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram za su haɗa kai su yi aikin alheri, muna ganin suna da abin da ya fi shinkafa tsada, wato sanin hanya. Matar da mijinta ya rasu a kan hanyar Dakoro, abin da ke tsaida dosiyenta sau da yawa shi ne takardar haihuwar yara, da takardar rasuwa, da takardar shari'a mai nuna magada. A ƙauye ba kowa ke da su ba, kuma nemansu na cin kuɗin mota da kwanaki. Asusun da zai biya wannan ɗawainiya, da rana ɗaya a wata da gwanayen za su zauna su duba takardun mutane kyauta, zai buɗe ƙofar diyyar da ta ninka abin da aka kashe.

Na biyu, wanda mota ta buge ta gudu, ko kabu-kabun da ba shi da asirans ya karya, ba shi da kamfanin da zai bi. Kundin CIMA ya tanadi kowace ƙasa ta kafa asusun lamuni don irin waɗannan, amma kafin takarda ta zagayo, mai karaya yana buƙatar allura da jini a daren nan. Ba da jini a asibitocin da ke bakin babbar hanya, da raba hular kwano ga ƴan kabu-kabu, taimako ne da ya dace da sana'arsu.

Na uku shi ne wayar da kai. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta sake ƙonewa a 2009, ƙaramar kasuwa ta bi baya a 2012. Kowane karo ƴan kasuwa da dama sun wayi gari ba su da komai sai jiran gudummawa. Wasu rashin sani ne ya hana su yin asirans, wasu rashin yarda, wasu kuma shakka ta addini. Game da na ƙarshen, CIMA ta fito da dokar takaful a 2019, tsarin da mambobi ke zuba kuɗi cikin asusun taimakon juna bisa ƙa'idar Musulunci. Wa zai bayyana wa ɗan kasuwa wannan da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Buzanci, in ba waɗanda suka san aikin ba? Gidajen rediyo suna nan a kowace jaha.

Duk wanda zai tara kuɗi da sunan mabuƙata, to ya buga lissafi a fili: nawa aka samu, wa ya bayar, wa aka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kira ga masu karatu

Ku kuma masu abin hawa, ku buɗe takardar nan ku karanta, ko ku ba wanda ya iya ya karanta muku. Ku san ranar da take ƙarewa, ku san abin da ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba, domin asirans ta tilas wanda ka yi wa ɓarna take biya, ba gyaran motarka ba. In hatsari ya auku, kada a yarda da sulhun bakin hanya idan akwai rauni, a kira hukuma ta yi konsta. Ku ajiye kofin kowace takarda da rasit na magani, kuma duk abin da kuka kai biro ku nemi a buga muku hatimi da kwanan wata. Diyya ba roƙo ba ce, haƙƙi ne da aka riga aka biya kuɗinsa. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mu da tsautsayi.